Barau Mahaƙi da Takardar Zaman Injiniya

Barau mutumin Zandam ne, ta ƙasar Gwaram, kuma haƙar rijiya gadonta ya yi. Ubansa ya haƙa, kakansa ya haƙa. Shi kansa tun gemu bai fito masa ba yake shiga rami, har ya zamana in ya kwana biyu bai ji ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa ba sai ya ce jikinsa ba daɗi. Gajere ne, mai faɗin kafaɗa, ba ya son yawan magana.

Ƙasar nan kuwa ba ta da sauƙi. Nan yashi ne, taki goma gaba falalen dutse ne kwance a ƙarƙashi. Mutum sai ya yi wata guda yana haƙa ya tarar da shi, ya fito ya zauna yana kallon hannuwansa. Barau bai cika yin irin wannan asarar ba. In aka kai shi wuri, sai ya tuɓe takalmi ya yi ta yawo shiru. Ya dubi inda ɓaure ya tsaya, ya fasa gefen suri ya murza ƙasar a tafin hannu, ya ɗan sa a harshe. Can sai ya kafa sandarsa ya ce, "A nan." Daga Zandam har Kiyako akwai rijiyoyi sun fi talatin da in ka tambayi wa ya haƙa, za a ce maka Barau. Ba shi da shanu, ba shi da wata gona ta a zo a gani. Wannan sunan shi ne abin da ya mallaka, kuma yana tattalinsa.

Gidansu suna da wata ɗabi'a da suka gada tare da dagi da igiya. Mahaƙi ba ya nuna ruwa in ba a roƙe shi ba, roƙon ma yana da tsari. Mai neman rijiya zai zo ƙofar gida da goro, ya zauna a tabarma, ya faɗi bukatarsa. Mahaƙi ya ce, "Ruwa na Allah ne, ni ban san komai ba." Mutum ya tafi. Ya dawo wata rana, a ba shi wannan amsar. Sai a zuwa na uku mahaƙi zai ɗauki sanda ya ce a je a duba. Uban Barau ya ce ana yin haka ne don kada bawa ya yi alfahari da abin da ba nasa ba, don kuma a gane wanda ƙishirwa ta kawo shi da gaske. Duk yankin an san da wannan, ba wanda yake jin haushi.

Mai ja masa igiya shi ne Hambali, ɗan ƙanwar ubansa, wato taubashinsa. Sa'anni ne. Barau na ƙasa yana cika kwando, Hambali na sama yana ja yana zuba surutu.

"Kai na cikin rami! Ka mutu ne ko barci kake?"

"Ja igiya, bawa. Ba a saye ka don magana ba."

"Wa ya sayi wani? Ni da na saki igiyar nan yau sai Kulu ta shiga takaba."

Kulu ita ce matar Barau. Shekara ashirin suna wannan wasa, ba a taɓa jin kansu ba.

Sai fari ya zo, wajen shekarar 1973. Rijiyoyi suka ja baya, wasu suka ƙafe ƙaf, har da na Barau. Bayan nan kuɗin mai ya shigo ƙasa, gwamnati ta ba wani kamfani kwangilar haƙa rijiyoyin burtsatse a ƙauyukan Birnin Kudu da Gwaram. Kamfanin ya zo da wata ƙatuwar mota mai dogon ƙarfe a bayanta, ya kuma zo da mutum ɗaya daga Pakistan, sunansa Nasim. Ba wanda ya wahalar da bakinsa da sunan, Injiniya kawai ake ce masa. Siriri ne, mai tabarau, bai kai Barau shekaru ba ko kusa. Yana da wani akwati mai allura a fuska. Za a kafa turakun ƙarfe a ƙasa, a ja wayoyi, ya duƙa yana kallon allurar yana rubutu, sannan ya ce a kawo mota nan.

Ranar da Barau ya fara ganin aikin, a Kiyako ne. Ya tsaya can nesa a gindin ɗorawa, hannuwa a baya. Kwana huɗu aka yi, ruwa ya yi tsiri sama har ya jiƙa mutane, mata suna guɗa. Abin da yake yi a wata biyu ke nan, da gwiwa a laka. Kuma taki kaɗan ne daga wata rijiya da ya haƙa da hannunsa, amma duk cikin taron nan ba wanda ya waiwayo ya ce, "Barau, ashe kai ma nan ka nuna." Ya koma gida bai ci tuwon kirki ba.

Rani ya wuce ba wanda ya zo ƙofarsa da goro. Kowane gari jira yake layi ya zo kansa. Da Hambali ya ce kamfani na ɗaukar leburori, Barau ya yi kwana uku yana cewa shi ba ya ɗaukar wa yaro bututu, a na huɗu suka tafi Birnin Kudu tare.

Da Injiniya mugu ne da abin ya zo wa Barau da sauƙi. To ba mugu ba ne. In lokacin salla ya yi, ya kashe inji ya bi sahu, duk wanda ya ja shi ke nan. Yana ƙoƙarin Hausa, yana cewa "Malam Barau, sannu da aiki" sau biyar a rana. Amma Barau abin da yake gani daban ne. Yana ganin gidan da aka ba shi mai rufin kwano da tagogin gilashi, da firji mai aiki da kananzir. Yana ganin yadda dagatai ke tashi tsaye in ya iso, mutanen da shi Barau in ya je gaishe su sai ya tuɓe takalmi tun daga nesa. Wata rana Kulu ta dawo daga biki a Kiyako ta ce ruwan famfon can garai-garai yake, ba ya bukatar a tace.

"To ki koma can da zama mana," in ji Barau.

"Ikon Allah. Malam, daga yabon ruwa?"

"Shekara nawa kina shan nawa, na taɓa jin kin yaba?"

Kulu ta dube shi, ta ɗauki tulunta ta shige ɗaki.

Akwai akawun kamfani, Abdulsalami, mutumin Birnin Kudu, mai son a san ya san abubuwa. Shi ne wata rana da hantsi, leburori na hutawa a inuwar mota, ya warware musu yadda zaman Injiniya yake.

"Kuna ganinsa haka, takarda ce ke riƙe da shi," in ji shi. "Baƙo ba ya zuwa ƙasar mutane ya kama aiki haka kawai. Kamfani ne zai je ya ce wa hukuma, aikin nan ba mu sami ɗan ƙasa da ya iya ba. Sai a ba su gurbin mutum ɗaya, shekara biyu. Da wannan gurbin ake buga masa izinin aiki da izinin zama a fasfo. In shekara biyun ta cika sai a koma ofishin shige da fice na Kano a sake roƙo. Nasa saura wata biyar."

"In ba a sake ba fa?" wani ya tambaya.

"Ya naɗe tabarmarsa. Kuma can tambaya biyu za su yi. Har yanzu aikin yana bukatarsa? Sannan wane ɗan ƙasa yake koya wa, wanda zai gaje shi in ya tafi? Dole a rubuta suna, a manna hoto."

Maganar nan ta zauna wa Barau a rai. Shi ba ya son a ce ya gaji yaron da bai san ɗanɗanon ƙasa ba. Sai dai in har za a rubuta sunan wanda ya san ruwa a ƙasar nan a kai Kano, ai ba sai an yi shawara ba. Ya shiga wanke rigarsa kullum. Ya sa wanzami ya gyara masa gemu.

Sunan Hambali aka rubuta. Dalili kuwa, Hambali ya taɓa zama ajin yaƙi da jahilci damina biyu, yana iya karanta lambobin da ke jikin bututu, yana iya sa hannu. Barau ajami ya sani, takardar kuma ta boko ce. Aka kai Hambali wajen mai hoto, aka ɗinka masa kaki riga da wando, aka ba shi littafi da fensir. Daga ranar ya bar bayan mota ya koma gaba, kusa da Injiniya, gwiwar hannu a taga.

"Ubangidana, a miƙo bututu!" yake kira. "Yi sauri, kada in rubuta ka."

"Rubuta mana. Bawa ko ya sa kaki bawa ne."

"Hotona yana Kano. Naka yana ina?"

"Ka taɓa shiga rami kai? Ka san inda ruwa yake?"

"Akwati ya sani. Ni kuma na san akwati."

Leburori suka yi ta dariya, don a kunnensu wasan taubasai ne irin na kullum. Barau ma ya buɗe haƙora. Amma tun daga ranar, in Hambali ya miƙo masa goro sai ya ce haƙorinsa na ciwo.

Ana cikin haka layi ya zo kan wata unguwa a ƙasar Dingaya, wuri mai duwatsu, inda mata ke tafiyar fiye da awa guda kafin su sami ruwa. Mai unguwarsu, Iliyasu, tsoho ne da ya san uban Barau, ya san Barau, ya san tsarin gidansu sarai. Da mota ta iso sai ya fito da ƙwaryar goro da zakaru biyu, ya wuce ta gaban Barau, ya ajiye a gaban Injiniya. Da ya juyo ya gan shi, sai ya ce, "A'a, Barau, kai ma kana cikinsu? Madalla. Allah ya ba da sa'a." Ya wuce.

Tun a wannan yini Barau ya ga inda ruwan yake. Ya zagaya bayan gari don kama ruwa, sai ga wata tsohuwar kanya tsakanin duwatsu biyu, ganyenta shar a tsakiyar rani, ga suri a gindinta. Hannunsa ne ya fasa surin kafin ya yi tunani. Ƙasar da gara ta ɗauko daga ƙasa da sanyinta, tana kama yatsa. Ya sa a harshe. Ya share hannu a riga, ya dawo ya ci gaba da sauke bututu.

Injiniya ya kafa turakunsa a filin gabas, ya auna, ya sa aka haƙa. Kwana shida inji na kuka, ba abin da ke fitowa sai farin garin dutse. Aka matsa kudu, aka sake. Garin dutse. Injiniya ya rame, ya daina cin abincin rana, yana zaune a kan akwati da taswira a cinya. Abdulsalami ya zo daga Birnin Kudu da labari: manyan kamfani sun ce an yi asarar ramuka da yawa a ƙasar duwatsun nan. In na uku bai ba da ruwa ba za su janye motar zuwa wani yanki inda suke da wani injiniyan, kuma ba za su nemi a sabunta gurbin wannan ba. Kowa ya ji, har masu kawo fura.

Washegari da safe, ana shirin auna wuri na uku, wani lebura ya ce wa Injiniya ai Barau tsohon mahaƙi ne. Injiniya ya taso da sauri, fensir a kunne, ya same shi a tsaye cikin mutane da bututu a kafaɗa.

"Malam Barau, an ce ka san rijiya. Ina ruwa a nan? Ka gani?"

Haka, a tsaye, a fili, kamar mai tambayar hanyar kasuwa. Barau ya sauke bututun a hankali. Ya daɗe yana jiran wannan tambaya. Ya ba da amsar da ubansa ya koya masa.

"Ranka ya daɗe, ruwa na Allah ne. Ni ban san komai ba."

Injiniya ya dubi Hambali, wanda ke tsaye kusa da littafinsa, don ya tabbatar ya ji daidai. Hambali ya san wannan amsar kamar yadda ya san sunansa. Ya ji ta sau talatin a ƙofar gidan Barau, shi ke shimfiɗa tabarmar ma. Kalma biyu ta isa: a sake tambaya, a zo da goro. Amma ya dubi kakinsa, ya dubi Barau, ya ce, "Ya ce bai sani ba, Yallaɓai."

"Gaskiya ne, na Allah ne," in ji Injiniya, ya dafa kafaɗar Barau, ya koma wajen akwatinsa.

Barau ya jira a dawo. Ya jira ranar, ya jira washegari. Ya ce a ransa shi bai yi ƙarya ba, tsari ya bi. In mutum yana da ilimin da har aka ɗauko shi daga bayan teku aka ba shi gida da firji, ai bai kamata a koya masa yadda ake roƙo ba. Da allurar ta kai Injiniya kusa da duwatsun nan biyu, Barau ya ɗauka an gano. Sai aka kafa motar ta wannan gefen dutsen, kanyar tana ɗaya gefen. Barau da kansa ya taya kafa ta. Ya ji wani sanyi a ransa wanda bai so ya duba ko na mene ne ba.

Ran Juma'a ya je gida. Kulu ta riga ta ji komai a bakin matar Hambali.

"Malam, ka san wurin ko ba ka sani ba?"

"Ba a tambaye ni ba."

"An ce ya tambaye ka."

"A tsaye? Da bututu a kafaɗata? Ko ɗan akuya za ka saya ai ka zauna."

"Shi baƙo ne, ina ya san wannan? Matan can fa da cikinsu suke hawa dutse da tulu."

"Mai unguwarsu ya san ƙofar gidan nan. Zakarunsa ya kai inda ya kai."

"To zakaru ne damuwarka ke nan."

"Kulu, kawo mini ruwa in sha."

Ta kawo, ta ajiye da ɗan ƙarfi har ya fantsama.

Rami na uku ya ba da garin dutse kwana bakwai. Aka naɗe wayoyi, aka kwantar da dogon ƙarfen, motar ta kama hanya. Aka sallami leburori. Kamfani bai aika takardar sabuntawa ba, kwanakin da ke cikin fasfon Injiniya suka shiga ƙarewa.

Saura kwana tara ya tashi, da hantsi, Barau na zaune a ƙofar gida yana gyaran ƙotar dagi, sai ga ƙaramar motar Injiniya ta tsaya. Shi kaɗai ne. Ya fito da ƙullin ganye a hannu, ya tuɓe takalmi, ya nemi gefen tabarma ya zauna, dogayen ƙafafunsa sun rasa inda za su shiga. Ya kwance ƙullin. Goro ne fari, manya. Ashe wajen sallamar leburori ne Abdulsalami ya ji yadda aka yi tambayar, ya riƙe baki, ya warware masa tsarin gidan su Barau.

"Malam Barau, na zo roƙo. Mutanen Dingaya ba ruwa. Ka nuna mini."

Barau ya dubi goron, ya dubi mutumin. Motar haƙa ta tafi, takarda ta ƙare, ba abin da nunin zai ƙara masa. Duk da haka ga shi a tabarma.

"Ruwa na Allah ne. Ban san komai ba."

"To," in ji Injiniya. Ya sa takalmi ya tafi.

Kulu ta leƙo daga zaure. "Haba Malam! Daga Birnin Kudu fa ya taso. Ba za ka rage masa ba?"

"Ba ni na kafa tsarin ba."

Gaskiyar magana, yana so maƙwabta su ga motar nan a ƙofarsa sau uku. Sun kuwa gani. Ta dawo washegari, ta sake dawowa jibi, kowane zuwa da sabon goro. A na uku Barau ya shiga ɗaki ya ɗauko sandarsa. Injiniya ya buɗe masa ƙofar gaba. Bai taɓa zama a gaban mota ba, ya kuwa sa gwiwar hannu a taga har suka fita gari.

A Dingaya ya bi da shi ta bayan dutsen, ya kafa sanda a gindin kanyar. "A nan." Ya fasa surin ya zuba masa ƙasar a hannu. Injiniya ya murza, ya sansana. Sannan ya taka daga sandar, ya zagaya dutsen, har bakin raminsa na uku, yana ƙirgawa da harshensu. Taki arba'in ne. Ya cire tabarau ya daɗe yana gogewa da gefen riga.

"Tun yaushe ka sani?"

"Tun ranar da muka zo."

Barau ya shirya wa faɗa, ya ma tanadi amsoshi. Injiniya bai yi faɗa ba. Ya ce 'yarsa ta fara makaranta a Kano, ta iya Hausa fiye da shi, ta yi kuka da aka ce za a tafi. Ya faɗi haka yana kallon kanyar. Sannan ya shimfiɗa taswira a kan dutse, ya yi alama da jan fensir.

"Zan bar wa Malam Hambali. Sunansa ke takarda. In an kawo wata mota, ya nuna musu."

Nan take duk tausayin da ya fara taso wa Barau ya koma. Wato bayan goro uku da taki arba'in, wata rana mota za ta zo, Hambali ya fito da kaki ya buɗe takarda ya nuna gindin kanya, ruwa ya yi tsiri, mata su yi masa guɗa. Da suka isa Zandam Injiniya ya riƙe hannunsa da hannu biyu ya ce a yafi juna. Barau ya ce, "Allah ya yafe mana," idonsa na kan dagin da ya bari a jingine.

Ranar da aka ce Injiniya ya hau jirgi a Kano, Barau yana gindin kanya ya riga ya haƙa zurfin gaba guda. Bai jira mai unguwa Iliyasu ya zo da goro ba. Tun da aka kafa gidansu ba a taɓa mahaƙin da ya kai kansa ba, shi ne na fari, kuma bai bari an yi zancen ba. Mutanen unguwar suka riƙa karɓa-karɓa wajen jan igiya, ba su iya ba, ƙasa na zubo masa a ka.

A mako na biyu yana ƙasa sai ya ji kwandon ya tashi sumul, bai taɓa bango ba. Ya ɗaga kai.

"Kai na cikin rami! Da ranka?"

Hambali ne. Da gurbin Injiniya ya faɗi, sunan mai gadonsa ma ya faɗi, kamfani ya sallame shi. Kakin na jikinsa, gwiwa ta fara fita.

"Ina littafin naka?" in ji Barau.

"Yana gida. Taswirar ma tana gida, in kana so in karanta maka inda za ka haƙa."

"Ja igiya, bawa."

Hambali ya ja. Can da kwandon ya sake sauka sai muryarsa ta biyo shi, ƙasa-ƙasa. "Da ka faɗa masa tun ran nan, da yanzu famfo ne a nan."

"Da ka faɗa masa ya zo da goro fa?"

Ba su sake tayar da maganar ba har suka tsufa.

Mako bakwai aka yi. Marmara ta ba su wuya, suka ratsa ta tsakanin duwatsun nan biyu kamar ana zura zare. A zurfin gaba goma sha ɗaya, wata Laraba bayan azahar, dagi ya shiga laka, ya fito da sheƙi. Barau ya tsaya. Ruwa ya fara tsattsafowa ta gefen gabas, ya rufe masa yatsu, ya kai idon sawu. Ya cika ƙoƙo ya sa a kwando aka ja. Sai ya ji sama ta ɗauka, guɗa da salati, kawuna sun kewaye bakin ramin har hasken ya ragu. Ya kasa kunne sosai don ya ji sunan da ake kira. Nasa ne. Mai unguwa Iliyasu da kansa yake cewa, "Barau! Barau ɗan gado! Fito mu gan ka!"

Bai fito da wuri ba. Ya tsaya cikin ruwan yana duban fuskokin ɗaya bayan ɗaya, sai ya gane mai tabarau yake nema a cikinsu. Shi ne kaɗai mutumin da ya san wuyar dutsen nan kamar yadda shi ya sani, shi ne kuma wanda ya fi so ya ga wannan ruwa. Hambali ya girgiza igiya ya ce in ba zai fito ba a rufe da shi. Sannan Barau ya kama igiyar ya hau.

Rijiyar Barau ake ce mata har yau. Tana ba da ruwa wata tara a shekara. In bazara ta yi tsanani takan ja baya ta koma laka, don hannu ba ya kai inda inji ke kaiwa, sai mata su koma hawan dutse har ruwan sama ya sauka. Wata motar ba ta zo unguwar ba sai bayan shekara goma sha huɗu. Barau ya haƙa wasu rijiyoyin shida bayan wannan, kafin gwiwa ta hana shi shiga rami. A shekarunsa na ƙarshe, in bazara ta yi aka ce ta Dingaya ta ja baya, ba ya zuwa kasuwar da zai haɗu da mutanen can. In kuwa damina ta sauka ta cika, yakan sa a kai shi a bayan keke, ya zauna a gindin kanyar ya yini, duk baƙon da ya tsaya shan ruwa sai Barau ya tambaye shi ko ya san wanda ya haƙa.